Dainaso mai girman kaza: abin da aka gani a dutse da abin da aka ƙiyasta

Tambaya: Malam, na karanta cewa an taɓa yin wani dainaso ɗan ƙarami mai suna Compsognathus, wai girmansa bai wuce na kaza ba, kuma nama yake ci. Ni dai da girman jiki na san dainaso. Gaskiya ne akwai irin wannan? In kuwa ƙashi kaɗai aka tono, ta yaya aka san abin da yake ci, da nauyinsa, da zamanin da ya rayu?

Amsa: Gaskiya ne, an yi shi, cikakken sunansa Compsognathus longipes. Sai dai maganar girman kaza tana buƙatar gyara, za mu zo kanta. Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, kusan duk abin da aka sani game da wannan dabba daga ƙwarangwal 2 kacal ya fito, ɗaya a Jamus, ɗaya a Faransa. Saboda haka bayanan da za ka ci karo da su ba darajarsu ɗaya ba. Akwai wanda aka gani da ido a jikin dutse, akwai wanda aka auna aka yi lissafi, akwai kuma wanda aka aro daga danginsa. Cin naman yana cikin kashi na farko, kuma hujjarsa ta fi ta yawancin manyan dainaso ƙarfi, domin an sami abincinsa na ƙarshe kwance a cikin cikinsa.

Ƙwarangwal na farko ya fito ne daga dutsen farar ƙasa na yankin Riedenburg da Kelheim a jihar Bavariya, kudancin Jamus. Wani likita mai tara burbushin halittu, Joseph Oberndorfer, shi ya mallake shi, sai masani Johann Andreas Wagner ya ba shi suna a 1859, ya yi cikakken bayaninsa a 1861. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa muƙamuƙi siriri mai kyau, kalmar longipes kuma Latinanci ce, wato mai dogon sawu. Wagner bai gane cewa dainaso ba ne, cikin dangin ƙadangaru ya sa shi. Yanzu wannan dutse yana birnin Munich. Na biyun sai bayan fiye da shekara 100 aka same shi, wajen 1971, a Canjuers da ke kudu maso gabashin Faransa, kuma tun 1983 yana gidan adana tarihin halittu na birnin Paris.

Kafin a zo kan abinci, sai a fahimci dalilin da ya sa ƙashi mai laushi haka ya tsira, domin a nan yawancin amsar take. Ƙasusuwan irin wannan dabba sirara ne, cikinsu rami kamar na tsuntsu. In ta mutu a fili, masu cin mushe da rana da ruwan sama za su gama da ita cikin 'yan makonni. In kogi ya ja gawar, yashi da tsakuwa za su niƙe ta. Abin da ya ceci Compsognathus shi ne wurin da gawarsa ta faɗa. Shekara miliyan 150 da suka wuce, a ƙarshen zamanin da ake kira Jurasik, kudancin Jamus tarin tsibirai ne a gefen wani tsohon teku mai suna Tethys. Tsakanin tsibiran akwai tafkuna marasa igiyar ruwa, ƙasansu gishiri ya yi yawa, iskar oksijin kuma ta yi ƙaranci, har tsutsa da ƙaguwa ba sa iya zama a can. Duk gawar da ta nutse ba mai taɓa ta. Sai wata laka mai laushi kamar ƙullun koko ta riƙa sauka a kanta, shimfiɗa bisa shimfiɗa, daga baya ta daskare ta zama dutse. Wannan shi ne dutsen Solnhofen, wanda saboda santsinsa Alois Senefelder ya yi amfani da shi wajen ƙirƙiro hanyar ɗab'i a kan dutse a 1796. Masu haƙar dutsen da hannu suke tsaga shi falle-falle, kuma wannan tsagawa da hannu ita ce ta sa ake ganin abin da ke ciki kafin a farfasa.

To, abinci. Hujja ta farko haƙora ce. Haƙoransa ƙanana ne masu tsini. Na gaba ba su da zarto, an yi su ne don cafke abu mai zillewa. Na baya sun ɗan lanƙwasa zuwa maƙogwaro, kuma gefensu na baya yana da ƙananan tsaga kamar bakin zarto. Lanƙwasar tana hana abin da aka kama ficewa, zarton kuma yana yanka tsoka. Dabba mai cin ganye haƙoranta faɗi gare su ko siffar ganye, kuma za ka ga alamar goguwa a samansu saboda tauna. Ga kuma farata masu lanƙwasa a hannu, ga ramin ido babba. Amma haƙori iyakarsa ya gaya maka abin da dabba za ta iya ci. Bai isa ya gaya maka abin da ta ci ba.

A nan ne gani ya kori ji. A tsakiyar haƙarƙarin na Jamus akwai wasu ƙananan ƙasusuwa a cukurkuɗe. A 1881 masanin Amurka Othniel Charles Marsh ya duba su ya ce ɗan tayi ne, wato dabbar ciki gare ta. A 1903 Franz Nopcsa ya sake dubawa ya ce a'a, ƙadangare ne aka haɗiye. A 1978 John Ostrom na jami'ar Yale ya yi nazari mai zurfi ya tabbatar da maganar Nopcsa, ya danganta ƙadangaren da wani jinsi mai suna Bavarisaurus. Daga baya Jack Conrad ya nuna cewa jinsi ne na daban, ya ba shi suna Schoenesmahl dyspepsia a wani aiki da ya fito a 2018. Kalmar farko Jamusanci ce, ma'anarta abinci mai kyau, ta biyun kuma tana nufin wuyar narkewa. Na Faransa ma an sami ragowar ƙananan dabbobi masu kama da ƙadangare a cikinsa. Ke nan dukkan ƙwarangwal biyun sun ba da shaida iri ɗaya.

Yana da kyau ka san yadda ake tantance irin wannan, domin ba duk ƙashin da aka gani a wurin ciki ne abinci ba. Nauyin laka yana danne gawa har ta baje kamar tabarma, don haka dabbar da ta mutu a ƙarƙashin wata za ta iya zama kamar a cikinta take. Abu na farko da ake dubawa a ƙarƙashin madubin ƙara girma shi ne matsayin ƙashin: dole ya kasance a saman haƙarƙarin gefe ɗaya, a ƙarƙashin na ɗaya gefen. In duka haƙarƙarin biyu suna samansa, to a waje yake. Na biyu, a duba yanayinsa. Abin da aka haɗiye yakan naɗe ko ya dunƙule a inda tumbi yake, wani lokaci kuma ruwan ciki yakan ci fuskar ƙashin ya bar ƙananan ramuka. Na uku, a gano ko wace dabba ce. Ɗan tayi dole ya yi kama da uwarsa, alhali ƙashin ƙugu da na ƙafa da gaɓoɓin wutsiyar wannan abu na ƙadangare ne. An taɓa yin kuskure a kan haka da wani dainaso mai suna Coelophysis, wanda aka tono da yawa a Ghost Ranch ta jihar New Mexico a Amurka a 1947. Shekaru da dama ana koyar da cewa yana cin 'ya'yansa. A 2006 Sterling Nesbitt da abokan aikinsa suka sake duba ƙasusuwan, suka ga abin da ke cikin cikin wani ƙaramin dangin kada ne.

Ƙadangaren ya ƙara mana wani ilimi da ƙashin mai haɗiyarsa ba zai bayar ba. Wutsiyarsa doguwa ce ƙwarai, kuma tsarin ƙafafunsa na mai gudu ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ƙadangare ke wulƙawa a kan katanga ya san mai kama shi sai mai kaifin ido da saurin kai cafka. An kuma haɗiye shi ne kusan ɗungurungum. Wannan ya nuna mafarauci ne na ƙananan halittu, mai kama abinsa ya haɗiye shi kaɗai. Hoton da ake nunawa a fina-finai, na garken waɗannan dabbobi suna yi wa babban abu taron dangi, ba shi da madogara a dutse. Kowane ƙwarangwal shi kaɗai aka same shi.

Yanzu girman kazar. Na Jamus, wanda shi kaɗai aka sani har tsawon fiye da ƙarni guda, an ƙiyasta tsawonsa daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya santimita 89. Fiye da rabin wannan wutsiya ce, don haka gangar jikin ba ta wuce ta kaza ba. Daga nan maganar ta samo asali, ta shiga littattafan yara, ta zauna. Matsalar ita ce wannan dabba ba ta gama girma ba. Ana gane haka ta hanyoyi da dama. Kowace gaɓar ƙashin baya gida biyu ce, da gindi da kuma baka a samansa, kuma a jikin ƙaramar dabba akwai layin haɗi a tsakaninsu wanda yake rufewa in ta balaga. Kai da ramin ido sukan yi wa jiki yawa a ƙuruciya, kamar yadda kake gani a ɗan tsako. Fuskar ƙashi ma takan zama da ƙananan zane da ramuka maimakon santsi. Da na Faransa ya bayyana, sai aka ga tsawonsa ya kai kimanin santimita 125, ƙashin cinyarsa kusan santimita 11, alhali na Jamus bai cika 7 ba. Don haka kwatancin da ya fi dacewa shi ne talotalo marar ƙiba, mai doguwar jela.

Ka lura na ce an ƙiyasta. Babu ɗaya daga cikin biyun da wutsiyarsa ta cika. Abin da ake yi shi ne a auna gaɓoɓin da ke nan, a ga yadda suke raguwa daga gindi zuwa baya, sannan a cike sauran da na dangi mai cikakkiyar wutsiya. Nauyi kuwa hanya biyu ake bi. Ta farko, a auna kewayen ƙashin cinya a inda ya fi siranta, a sa shi cikin lissafin da aka samo daga dabbobi masu rai, domin kaurin ƙashin da ke ɗauke da jiki yana tafiya da nauyin jikin. Cikas ɗinta a nan shi ne ƙashin ya baje, kewayensa ba na asali ba ne, sai an yi gyara. Ta biyu, a gina siffar dabbar a kwamfuta, a lulluɓe ƙashin da tsoka, a lissafa girman jikin, a rage gurbin huhu da jakunkunan iska. Cikas ɗinta shi ne yawan tsokar da aka ɗora ya danganta da hukuncin mai ginawa. Shi ya sa za ka ga adadi ya bambanta daga littafi zuwa littafi: ƙaramin ƙasa da kilo 1, babban tsakanin kilo 2.5 da 3.5. Wanda ya ba ka adadi guda har da giram, ya ba ka abin da hanyar lissafin ba ta iya bayarwa.

Haka maganar gudu take. Abin da ke tabbatacce shi ne ƙashin ƙwauri ya fi na cinya tsawo, a na Jamus kusan santimita 9 a kan 7, ƙasusuwan sawu ma dogaye ne, wutsiya kuma tana daidaita jiki wajen juyawa. Wannan tsari ne na dabba mai gudu, irin wanda ake gani a jimina. A 2007 William Sellers da Phillip Manning na jami'ar Manchester sun yi gwaji a kwamfuta wanda ya ba shi kusan kilomita 64 a awa. Wannan adadi na samfurin kwamfuta ne, kuma a ganina ya yi yawa ga dabba mai ƙafa gajeriya haka. Ka riƙe cewa mai sauri ne, ka bar lambar.

Tarihin wannan dabba cike yake da kurakuran da suke koyar da yadda dutse ke ruɗar mutum. Waɗanda suka fara bayanin na Faransa a 1972, Alain Bidar da abokansa, sun ga wata alama kusa da hannu suka ɗauka filafilin iyo ne, suka ce sabon jinsi ne mai zama a ruwa, suka kira shi Compsognathus corallestris. Ostrom ya nuna ba haka ba ne, jinsi ɗaya ne da na Jamus, ya dai fi shi girma. Shi kansa Ostrom kuma ya ce yatsun hannu 2 ne, domin a na Jamus ƙasusuwan hannu sun warwatse, farata 2 ake gani. Haka aka yi ta zana shi. A 2006 Karin Peyer ta sake nazarin na Faransa ta nuna yatsa na uku yana nan. Rashin ganin ƙashi a dutse ba ya nufin dabbar ba ta da shi, musamman ƙananan ƙasusuwan hannu da ruwa ke fara ɗebewa. Akwai kuma wasu ƙananan dunƙule-dunƙule, kowanne kimanin milimita 10, a kusa da cikin na Jamus. An taɓa cewa ƙwai ne. Masana da yawa ba su yarda ba, domin a waje suke, kuma sun yi ƙanƙanta: ƙwan da aka samu a cikin wani danginsa na ƙasar Sin ya kai milimita 36 a tsawo. Wasu na ganin kumfar iska ce da ta fito daga gawa lokacin ruɓewa.

In ka kalli hoton na Jamus za ka ga wuyan ya lanƙwashe baya har kai ya koma saman ƙugu. Ba haka yake riƙe wuyansa da rai ba. Akwai wata jijiya mai talewa da ta bi saman ƙashin baya, wadda tsoka da nauyin kai suke ja da ita lokacin da dabba ke raye. Achim Reisdorf da Michael Wuttke sun nuna a 2012, ta hanyar nutsar da figaggun kaji a ruwa, cewa da zarar ruwa ya ɗauke nauyin kai, tsoka kuma ta fara ruɓewa, jijiyar takan ja wuya baya. Wasu masanan suna danganta lanƙwasar da taurin jiki a lokacin fitar rai. Ga dabbar da ta nutse a tafki, bayanin ruwan ya fi zama daidai.

Fito da irin wannan ƙashi aiki ne na watanni. In aka tsaga dutse, yakan rabu gida biyu, wani ɓangaren ƙashin ya bi wannan falle, wani ya bi wancan, saboda haka dole a ajiye duka biyun. Da farko a ɗauki hoto, in da hali a yi hoton eksire don a ga inda ƙashi ya bi a ƙarƙashin dutse. Sai a ɗiga wa ƙashin da ya bayyana wani gam mai suna Paraloid B-72 da aka narkar a asiton, wani ruwan sinadari mai saurin bushewa, tsararo-tsararo, wajen kashi 5 cikin 100, don ya shiga tsagogi ya riƙe su. An zaɓe shi ne domin ana iya sake narkar da shi a cire. Sannan a riƙa ɓantarar dutse ƙwaya-ƙwaya da allura, ko da wani ɗan alƙalami mai aiki da iska, duk a ƙarƙashin madubi. Akwai masu amfani da asid irin na binega, kashi 5 cikin 100 ko ƙasa da haka, domin yana cin dutsen farar ƙasa da sauri fiye da yadda yake cin ƙashi. Bayan kowane jiƙo sai an daɗe ana ɗauraye shi a ruwa, in ba haka ba gishirin da asid ɗin ya bari zai bushe ya zama ƙwayoyi masu tauri a cikin ƙashin ya fasa shi. Babban haɗarin asid da gaggawar hannu shi ne suna share sawun fata da gashi, wanda kaurinsa bai kai na takarda ba. Shi ya sa yanzu ake haska dutse da fitilar UV, mai wani irin haske da ido ba ya gani, tun kafin a taɓa shi: ƙashi da ragowar nama sukan yi ƙyalli daban da dutse, gam da siminti na gyara ma sukan tona kansu. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci saboda jabu. A 1999 an yi ta yayata wani abu daga Sin mai suna Archaeoraptor, daga baya aka gano haɗe-haɗe ne, jikin tsohon tsuntsu da wutsiyar ƙaramin dainaso aka manna.

Maganar gashi tana cikin kashi na uku, wato aro daga dangi. Ba a sami sawun gashin tsuntsu a jikin Compsognathus ba. Amma a 1996 aka bayyana Sinosauropteryx daga lardin Liaoning na Sin, mai kama da shi ƙwarai a ƙira, wanda ya rayu wajen shekara miliyan 125 da suka wuce, jikinsa lulluɓe da gajerun zaruruwa kamar gashin ɗan tsako. Shi ne dainaso na farko, ban da tsuntsaye, da aka gani da haka. A 2010 har launinsa aka gano daga ƙananan ƙwayoyin launi da suka rage, ja-ja mai ruwan ƙasa, wutsiya da zobe-zobe. A ɗaya ɓangaren akwai Juravenator daga Jamus, wanda aka bayyana a 2006, mai fata irin ta ƙadangare a wani sashe na wutsiya, sannan fitilar UV ta nuna yana da zaruruwa ma. Don haka mai zanen da ya sa wa Compsognathus ɗan gashi yana da dalili, amma ka sani daga danginsa ya ɗauko. Ita kanta dangantakar ana muhawara a kanta. A 2021 masanin Italiya Andrea Cau ya kawo ra'ayin cewa wasu da ake tarawa cikin wannan iyali 'ya'yan manyan dainaso ne mabambanta, ƙuruciya ce ta sa suka yi kama.

Game da zamani, mutane da yawa suna zaton da kabon-14 ake aunawa, wato wani sinadari da ke jikin kowane abu mai rai, wanda yake raguwa a hankali bayan mutuwa. Ba da shi ba ne. Rabin kabon-14 yana ƙarewa cikin shekara 5,730, don haka bayan kimanin shekara 50,000 babu abin aunawa. Ba ƙashin ake aunawa ba ma, dutsen ake bi. A duwatsun teku akwai wasu halittu masu ƙoƙo a murɗe kamar ƙahon rago, ana kiransu amonayit. Jinsunansu suna sauyawa da sauri kuma sun bazu a tekuna da yawa, saboda haka kowace shimfiɗar dutse tana da nata. In aka ga jinsin da ke dutsen Solnhofen a wani wuri na duniya inda akwai tokar dutse mai aman wuta a sama ko a ƙasa, sai a ciro ƙananan lu'ulu'un zirkon daga tokar. Zirkon yana kulle yuraniyom a cikinsa lokacin da ya daskare, yuraniyom kuma yana rikiɗa ya zama dalma da sauri sananne: rabin nau'insa da ake kira 238 yana ɗaukar shekara biliyan 4.47 kafin ya rikiɗa. Gwada yawan biyun shi ke ba da shekaru. Ta haka aka kai ga miliyan 150.

Darajar wannan ɗan dabba a tarihin ilimi ta wuce girmansa. A duwatsun yankin nan dai aka sami Archaeopteryx, tsohon tsuntsu mai haƙora da doguwar wutsiya ta ƙashi. A 1868 Thomas Henry Huxley ya lura da yadda ƙafar Compsognathus da ƙugunsa suke kama da na tsuntsu, ya kafa hujja da shi cewa akwai dangantaka tsakanin tsuntsaye da dainaso. Kamar ta kai har wani Archaeopteryx da aka samu kusa da Eichstätt a 1951 ya yi kimanin shekara 20 ana ɗaukarsa Compsognathus, saboda sawun fukafukansa ya dusashe. Kama da wane ba wane ba ce: hannun Archaeopteryx ya kusa kai tsawon ƙafarsa, na Compsognathus kuwa gajere ne. Shi kuma kambun dainaso mafi ƙanƙanta da aka taɓa ba Compsognathus ya daɗe da kuɓuce masa, domin an sami irin su Microraptor da Anchiornis a Sin da Parvicursor a Mongoliya.

Dalilin da ya sa ka san dainaso da girman jiki yana da alaƙa da abin da ƙasa ke iya adanawa, kuma Nijar misali ce mai kyau. Gadoufaoua da ke hamadar Tenere da yankin Ingal a jihar Agadas suna cikin wuraren da suka fi arzikin ƙasusuwan dainaso a Afirka. Daga can Ouranosaurus ya fito, wanda Philippe Taquet ya bayyana a 1976, da Afrovenator da Suchomimus da Nigersaurus na tawagar Paul Sereno a shekarun 1990. Duk manya ne. Duwatsun can yawanci yashin tsofaffin koguna ne, inda ƙashi mai kauri ke jure birgima, siriri kuma ya farfashe. Wanda ya tsira, in iskar hamada ta tone shi, rana da yashi sukan cinye shi kafin wani ya gani. Duk da haka ƙananan suna nan. A 2017 Sereno ya bayyana Afromimus tenerensis daga Gadoufaoua, ɗan madaidaicin dainaso mai tafiya da ƙafa biyu, wanda abin da aka samu nasa bai wuce wasu gaɓoɓin wutsiya da ƙasusuwan ƙafa da ɗan haƙarƙari ba. Da farko an sa shi cikin dangin masu kama da jimina. A 2019 wasu masana suka sake duba gaɓoɓin wutsiyar da ƙashin ƙwaurin, suka mayar da shi cikin wani dangi daban na masu cin nama da suka yaɗu a nahiyoyin kudu.